Furosesa da RAM: in canza su, ko in riƙe kuɗina?

Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in saki kuɗin da na daɗe ina tarawa. Kwamfutata ta gem tun 2019 na haɗa ta: Ryzen 5 2600 a kan madabod B450, RAM DDR4 sanda ɗaya mai 16GB, sai SSD. Bara na cire tsohon katin hoto na sa RTX 3060, na kuma sayi monita 1080p mai 144Hz. Na ɗauka shi ke nan an gama, amma har yau ban ga firem 144 ɗin nan a cikin wasa ba.

Kuma ba ƙarancin FPS, wato yawan firem a sakan, ne ya fi damuna ba. A Warzone, da na sauka inda mutane suka yi yawa sai hoton ya kama in'ina: ya tsaya kamar ƙiftawar ido, ya fizga, ya ci gaba. Kafin ya dawo daidai an riga an harbe ni. A Cyberpunk 2077 ma haka, in na shiga tsakiyar gari da mota a guje.

Abu biyu nake tunani. Ko in sayi Ryzen 7 5700X3D da RAM 32GB in sa a madabod ɗin da nake da shi, ko in ƙara haƙuri in tara in koma AM5, sabon soket ɗin AMD (mazaunin furosesa a madabod), gaba ɗaya. Tsorona kar in kashe kuɗin in zauna gaban monita in ga babu abin da ya canza. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya don Allah.

Nura:
Wa alaikumus salam. Sadiq, kar ka ɓata kuɗinka. A gem katin hoto shi ne sarki, furosesa bafade ne kawai. Sayar da 3060 ɗin, ka haɗa da abin da ka tara, ka ɗauki kati babba. Ni duk canjin da na taɓa gani da idona na kati ne.

Injiniya Bashir:
Nura, sau da yawa maganarka haka take, amma sake karanta abin da ya rubuta. Ya riga ya canza kati bara, in'inar tana nan inda take.

Sadiq ƙanena, kowane firem da kake gani aikin biyu ne. Furosesa ne ke fara lissafa inda kowane ɗan wasa yake, ina harsashi ya nufa, me motoci ke yi, me ya iso ta intanet, sannan ya miƙa wa kati ya zana. In kana son firem 60 a sakan, duk wannan sai an gama shi cikin milisakan 16.7. In 144 kake so, milisakan 6.9 kacal ake da shi. To in furosesanka sai ya ci milisakan 12 kafin ya gama nasa, ko katin da ya fi kowanne tsada a duniya ka sa ba za ka wuce firem 83 ba. Katin zai zauna ne yana jira.

Don haka kar ka sayi komai tukuna. Sauke manhajar MSI Afterburner, yana zuwa da RivaTuner, ka saita shi ya riƙa nuna maka a kan sikirin: aikin kati, aikin kowace cibiya ta furosesa, RAM da ake ci, da layin lokacin firem. Je daidai wurin da yake maka in'ina ka duba. In kati yana 97 zuwa 99 cikin ɗari, Nura ya yi gaskiya. In yana yawo a 60 ko 70, wani ne ya riƙe masa ƙafa.

Gwaji na biyu ya fi sauƙi: sauke wasan zuwa 720p. Ka rage wa kati aiki fiye da rabi ke nan. In FPS bai motsa ba, ka san ba shi ba ne.

Sadiq:
Na gode Injiniya. Amma na taɓa duba Task Manager ina cikin wasa, furosesa bai wuce 55 cikin ɗari ba. Shi ya sa ma nake shakka. Abin da bai cika ba ta yaya zai zama shi ne matsala?

Injiniya Bashir:
Wannan lambar ta yaudari mutane da yawa. 2600 cibiya shida gare shi, layin aiki 12, kuma Task Manager matsakaicinsu duka yake nuna maka. A ce layi ɗaya ya cika maƙil sauran na hutawa, abin da za ka gani kusan 8 cikin ɗari ne kawai. Gem kuwa yawanci akwai layi ɗaya da ke jan ragamar sauran, in shi ya gaji kowa ya tsaya. Aikin kati za ka kalla, shi ne ba ya ɓoye gaskiya.

Maryam:
Ni abin da ya tsaya mini a rai tun farko shi ne "sanda ɗaya". Malam Sadiq, buɗe manhajar CPU-Z, shiga shafin Memory, ka faɗa mana abu biyu: me aka rubuta a wajen Channel, kuma nawa ne DRAM Frequency. Sannan ka leƙa jikin sandar ka karanta lambar da ke kan takardar da aka manna mata.

Sadiq:
Na yi duka. Kati yana tsakanin 60 da 75 a wurin da ake cunkoso. Da na sauke zuwa 720p kusan babu bambanci, firem uku ko huɗu. A CPU-Z an rubuta Single, sannan 1066 MHz. A jikin sandar kuma 3200 aka sa. Wallahi ban gane ba, an cuce ni ne aka ba ni ta 1066?

Maryam:
Ba a cuce ka ba. DDR sau biyu take aika bayani a kowane bugu, don haka 1066 ɗin nan ninka shi za ka yi, 2133 ke nan. Abin da ya faru shi ne, sandar da aka rubuta wa 3200 ba ta kama wannan gudun da kanta. In ka sa ta ka kunna, a ƙaramin gudu take tashi, sai ka shiga BIOS, wato shafin setin madabod, ka kunna XMP, setin da ke ba ta cikakken gudunta, da hannunka. A wasu madabod ɗin DOCP ake kiransa, a wasu A-XMP. Tun 2019 kana amfani da RAM ɗinka a kashi biyu cikin uku na ƙarfinta.

Yi lissafin da kanka. Sanda ɗaya hanya ɗaya take bi, shi ne Single ɗin da ka gani, kuma kowace hanya bait 8 take ɗauka a lokaci guda. 2133 sau 8, kusan 17GB a sakan, shi kake da shi yanzu. Sanda biyu a 3200 kuwa 51.2GB a sakan ne. Ninki uku. Ba ina cewa FPS ɗinka zai ninka uku ba, ko kusa. Amma furosesan da muke zargi da nawa, yunwa ake bar shi da ita, yana jiran bayani ta ƙofa ɗaya alhali biyu aka yi masa. Kuma a Ryzen na wannan zamanin, hanyar da ke haɗa sassan furosesa da juna, Infinity Fabric, gudunta ɗaure yake da na RAM. RAM ta yi nawa, ita ma ta yi nawa.

Kunna XMP kyauta ne. Fara da shi yau.

Injiniya Bashir:
Maryam ta buga inda ya dace. Ƙari ɗaya: abin da AMD ta lamunce wa 2600 shi ne 2933. Da yawa suna kai 3200 lafiya, wasu ba sa kaiwa. In ka kunna XMP kwamfutar ta ƙi tashi kar hankalinka ya tashi. Yawancin madabod bayan sun gwada sau biyu ko uku suna komawa tsohon seti da kansu. In bai koma ba, cire wuta, cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo na minti ɗaya, mayar. Sai ka sake kunna XMP amma ka sauke gudun zuwa 2933.

Auwal:
Tunda maganar ƙara sanda ta taso, bari in ba da labarina kar wani ya faɗa inda na faɗa. Ni ma ɗaya gare ni, na je na sayo ta biyu, suna ɗaya, gudu ɗaya, har launi ɗaya. Sati biyu ina fama: wani lokaci ina tsakiyar wasa ya rufe kansa, wani lokaci shuɗin sikirin. Na sake sa Windows, na canza direban kati, na zargi fawa. Sai da wani ya ce in sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filashi in bar shi ya kwana yana gwaji. Da safe na tarar da sikirin ja wur da kurakurai. Ashe ƙananan ƙwayoyin da ke jikin sandunan biyu ba masana'anta ɗaya ta yi su ba, duk da kwalin iri ɗaya ne. Da na sauke gudu kaɗan suka zauna lafiya, amma tun daga ranar ni dai sai wanda aka haɗo biyu a kwali ɗaya.

Maryam:
Haka ne Malam Auwal, yana faruwa, amma ba kullum ba. Ga wanda ke da 16GB a hannu, sayen irinta guda ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan zubar da ita a sayi biyu sababbi. Ya dubi cikakkiyar lambar da ke jikin takardar, ba sunan kamfani kaɗai ba, ya nemi wadda ta yi daidai, kuma ya sayo inda za a karɓa in ta ƙi. In ya sa, ya bar MemTest86 ya kwana kamar yadda ka yi. Sannan a madabod mai rami huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu ake sawa in an ƙirga daga wajen furosesa. Na ga wanda ya sayi sanda biyu ya jera su kusa da juna, ya ci gaba da zama a hanya ɗaya bai sani ba. Littafin madabod ya nuna wannan, a duba.

Nura:
To na janye batun kati a wannan karon, lambobi sun yi magana. Amma 32GB fa? Wannan kam almubazzaranci ne. RAM ɗin da ba a ci ba ba ta ƙara firem ko ɗaya. PS5 gaba ɗayanta 16GB gare ta, kuma da shi hoto da komai suke rabawa.

Kabir:
PS5 ba ta ɗauke da Windows da Discord da burauza mai shafi ashirin a bayan wasa. Hogwarts Legacy da Starfield, duka na 2023, 16GB suka sa a matsayin mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Gaskiya ne RAM in ta ishe ka, ƙarin ba ya komai. Amma ranar da ta gaza, Windows sai ya fara kwashe kaya yana zubawa a SSD, kuma a nan ne ake samun irin tsayawar nan mai ban haushi. Ga Sadiq ma ba gardama ba ce, sanda ta biyu yake nema don hanya biyu, 32 ɗin tana zuwa ne a matsayin gyara.

Ni inda na saɓa da ku duka shi ne AM4 ɗin kansa, wanda madabod ɗin Sadiq ke kai. Soket ne na 2016. Duk abin da ka zuba masa yau, ka binne shi ne. DDR4 ba ta shiga AM5, ko tsagar da ke ƙasan sandar ba wuri ɗaya take da ta DDR5 ba. AM5 kuwa tun Satumba 2022 ya fito, kuma AMD ta ce za ta riƙe shi har 2027 ko fiye. In ka sa 7800X3D yau, gobe kana da inda za ka matsa. Gara mutum ya sha wahala sau ɗaya.

Injiniya Bashir:
Kabir, na fahimce ka, kuma da sabuwar kwamfuta yake haɗawa daga tushe da AM5 zan ce masa ba tare da na yi dogon tunani ba. Amma duba me kake ce masa ya saya: furosesa, madabod, RAM, abu uku a tashi ɗaya, kuma a lokacin da RAM ta yi tashin gwauron zabi tun ƙarshen 2025 saboda manyan cibiyoyin AI suna wawure abin da masana'antu ke fitarwa. Bayan ya gama duk wannan, wane kati zai liƙa musu? 3060 ɗin nan dai. 7800X3D zai gama aikinsa ya naɗe hannu yana jiran kati. Yau kati ke jiran furosesa, gobe furosesa ya koma jiran kati, kuɗin kuma sun tafi.

Kuma wannan "gobe zan matsa" ɗin ina so mu riƙa yi masa tambaya. Sadiq ya riƙe furosesa ɗaya tun 2019. Mutum mai irin wannan riƙon, ranar da zai sake canji wataƙila wani soket ɗin ake yayi. Amfanin tsawon ran AM4 yanzu ne yake hannunsa: madabod ɗin da ya saya wa 2600 yana karɓar Ryzen 5000 da sabunta BIOS kawai. In bai ci wannan moriyar yanzu ba, yaushe?

Kabir:
Sai dai ai ba zai zauna da 3060 har abada ba.

Injiniya Bashir:
Ba zai zauna ba. Shi ya sa nake so kuɗin da zai rage su tafi asusun kati.

Har 5700X3D ɗin ma ina da ja a kansa. Furosesa ne mai kyau ƙwarai, ma'ajiyarsa ta kusa, L3, 96MB ce, kuma irin su Warzone suna son wannan sosai. Amma ba ya zuwa da fanka, wat 105 ne, sai ka sayi mai sanyaya na kirki, ga shi sabonsa ya yi wuyar samu, masu na hannu kuma sun san abin da suke riƙe da shi. Ryzen 5 5600 wat 65 ne, yana zuwa da fankarsa a kwali, L3 ɗinsa 32MB a dunƙule. Na 2600 16MB ne, kuma a rabe gida biyu, cibiya uku nan uku can. Tsakanin 2600 da 5600 zamani biyu ne, Zen 2 da Zen 3: AMD ta ce Zen 2 ya ƙara kashi 15 cikin ɗari na aikin da ake yi a kowane bugu, Zen 3 ya sake ƙara 19 a kai, ban da ƙarin gudu. Da 3060 a 1080p, 5600 ya isa ya cika katin a mafi yawan wasanni. X3D sai ga wanda ya san babban kati na nan tafe kusa, ko wanda gasa yake yi yana farautar firem 200.

Malam Haruna:
Yara, ku bar dattijo ya sa baki. Na fi shekara ashirin ina haɗa kwamfuta, kuma abin da na lura shi ne ido ya fi jin rashin daidaito a kan ƙarancin lamba. Wasa mai tafiya a 70 cif, babu hawa babu sauka, ya fi daɗin hannu a kan wanda ke tsalle tsakanin 110 da 50. Sadiq, a cikin RivaTuner ɗin da ka sauke akwai inda ake ƙayyade firem. Duba inda wasanka ke faɗowa in an shiga cunkoso, ka ɗaure shi kusa da nan, ka buga kwana biyu ka ji. Ban hana ka sayayya ba. Ina so ne ka rabe tsakanin abin da ke damun idonka da abin da ke damun zuciyarka saboda an rubuta 144 a kwalin monita.

Sadiq:
Baba Haruna, wannan magana ta shige ni. Gaskiya akwai na zuciyar a ciki. Amma in'inar ma da gaske take, zan gwada duka.

Yusuf:
Ku yi haƙuri in raɓa da tawa tambayar. Ni i5-7400 ne da 8GB. Zan iya sa i5-8400? Na ga duka soket 1151 aka rubuta.

Maryam:
Ba zai yi ba Malam Yusuf. Ramukan ɗaya ne amma zubi na takwas na Intel, irin su 8400, sai madabod jerin 300. Iyakar naka i7-7700 ko 7700K, kuma ban ga dalilin kashe kuɗi a kansa ba, tunda Windows 11 daga zubi na takwas ya fara karɓa a hukumance, Windows 10 kuma an daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025. Kai shawarar Kabir ce ta dace da kai, tara ka canza tushe gaba ɗaya. Kafin nan in ka samu 8GB ta biyu da sauƙi, sa, za ka ji bambanci.

Sadiq:
Na dawo da rahoto. XMP a 3200 ya ƙi tashi kamar yadda Injiniya ya faɗa, fanka na juyawa sikirin baƙi, sai da gabana ya faɗi. Ya dawo da kansa a karo na uku. Na sa 2933 ya zauna. Da wannan kaɗai na ji ɗan sauƙi. Shekaranjiya na samo sanda ta biyu mai lamba iri ɗaya, na sa a rami na biyu da na huɗu, CPU-Z ya rubuta Dual, MemTest86 ya kwana babu kuskure ko ɗaya.

Bambancin a layin lokacin firem na fi ganinsa. Da can kamar haƙoran zarto yake, yanzu ya kusa miƙewa, sai ɗan tsini jefi-jefi. A Cyberpunk kati ya haura 90, in'inar mota ta kusa ɓacewa. A Warzone kuwa har yanzu yana 80 da 'yan kai a cikin cunkoso, kuma na ɗaure firem a 90 kamar yadda Baba Haruna ya ce, hannuna ya fi sakewa. Ke nan furosesan yana da nasa laifin, amma bai kai yadda na ɗora masa ba. Na fasa X3D, na fasa AM5 a yanzu. 5600 zan nema, ragowar kuma in ajiye wa kati.

Kabir:
Ni har yanzu da ni ne da na tsaya a RAM ɗin, in tara na 5600 ɗin ma. Amma tunda ka auna kafin ka yanke, ba ni da ta cewa. Allah ya sa albarka.

Auwal:
In za ka cire tsohon, kunna kwamfutar ta yi ɗumi tukuna, sannan ka murɗa fankar hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. A AM4 allurai a jikin furosesa suke. Man da ke tsakani in ya bushe yana kamawa kamar gam. Na taɓa fizgar fanka a sanyi ta taho da furosesa manne a ƙasanta, allura uku suka lanƙwashe, na kwana ina miƙe su da bakin fensir mai tura gawayi.

Injiniya Bashir:
Sadiq, ga jerin yadda za ka bi, kar ka sauya shi. BIOS za ka fara sabuntawa, tun 2600 yana ciki, don in ka cire shi ka sa 5600 a tsohon BIOS ba zai tashi ba. Shiga shafin kamfanin madabod ɗinka, nemo daidai samfurinka har da lambar zubi, ka karanta bayanin da ke gefen kowane BIOS, don wasu sai ka bi ta wani na tsakiya kafin na ƙarshe. Kar wuta ta ɗauke ana cikin yi. In kana da BitLocker, makullin bayanai na Windows, a kunne, dakatar da shi ka kuma rubuta mabuɗinsa a takarda, saboda TPM, sashen da ke ajiye mabuɗan tsaro, a cikin furosesa yake, in ka canza za a iya tambayarka mabuɗin, PIN ɗin shiga Windows ma sai ka sake shi. Sabunta BIOS yana goge seti, don haka bayan ka sa sabon ka koma ka kunna XMP, wannan karon gwada 3200 kai tsaye, 5600 ya lamunce shi. Turo mana sunan madabod ɗin da lambar BIOS da kake kai yanzu in duba maka wanda za ka fara saukewa.